Shekarar da Na Yanka wa Inna Riga

'Ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangi game da rasuwar kakarku, ko da yake ba wanda ya taɓa tarata da zancen ido da ido. Cewa ake yi jinya ce ta gundure ni, na tattara tsohuwa na mayar da ita ƙauye, ta mutu nesa da asibiti. Na daɗe ban tanka ba, domin duk ta inda na ɗauko maganar sai ta taɓa Kawunku Buba, ni kuwa ban so ku taso kuna ganin baƙinsa. Yanzu tsufa ya kama ni, sai na nemi mai zura mini zare a kafar allura, saboda haka gara in faɗa muku yadda aka yi tun ina iya tuna shi daidai.

Ku manyan kun san Inna, amma a zaune kuka san ta. Ni na san ta a tsaye. Doguwa ce, siririya, bayanta a miƙe kamar an ɗaura mata sanda, saboda shekarun da ta yi tana ɗaukar ƙwaryar nono daga rugarmu da ke bayan Sundimina zuwa kasuwa. Mu dai da Hausa muka tashi, Fulatancin sai abin da ba a rasa ba, amma filako bai bar Inna ba. Ba ta ci a gaban mutane, ba ta kuka a gaban mutane, kuma ban taɓa ganin ta fito tsakar gida ɗaurin zaninta a karkace ba. Yayana Buba shi ne ɗanta na fari, don haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba. Da ya sami aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ya zauna a Gwaram, sai ta koma ce masa mutumin Gwaram. In ya shigo gaishe ta, kawar da kai take yi ta amsa a gajarce, ta sa wani ya kawo masa ruwa. Mu mun san alkunya ce. Shi ma ya sani, amma ina jin bai taɓa sabawa da ita har cikin zuciyarsa ba.

Bayan kaka ne, ana cikin sussukar gero, ta faɗi a bakin rumbu. Ƙanena Sale, wanda ke zaune tare da ita tun bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kawo ta asibiti a nan Birnin Kudu. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu. Da aka sallame ta, babu wanda ya yi gardama a kan inda za ta zauna, tunda gidana ne kusa da asibiti. Babanku ya kwashe kayansa daga ɗakin da ke kallon gabas ya bar mata. Yaya Buba ya ɗauki nauyin magani, kuma kowane ƙarshen mako sai ya zo daga Gwaram da lemo da ƙwai. Wannan ku riƙe shi, kada wani ya ce muku bai kula da mahaifiyarsa ba.

Bakinta ya dawo da wuri, ƙafar ma ta fara motsi. Hannun ne ya ƙi. Ya lanƙwashe ya manne a ƙirjinta, kafaɗar hagu kuma ta zube ƙasa. Sa riga ya zama azabar kowace safiya, domin atamfa ba ta da sassauci, sai an ɗaga hannun kafin ya shiga. Sai in ga ta cije leɓe, gumi yana tsattsafo mata a goshi cikin sanyin nan. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni shawara in nemo mata riguna masu roba, irin waɗanda ke miƙewa in an ja su. Na je wurin masu gwanjo na zaɓo masu kyau, na wanke na goge. Shigarsu ba wuya, ko uffan ba ta yi ba. Amma da na gyara mata zama ta sunkuya ta dubi jikinta, sai na ga fuskarta ta sauya. Rigar ta lafe mata, ta fito da ramar da ta yi, ta fito da kafaɗar da ta zube, ta fito da duk abin da mace mai shekarunta take rufewa.

"Hajara," in ji ta, "wannan ai ba sutura ba ce. Tsiraici ne mai launi."

Daga ranar ta daina yarda kowa ya shigo wurinta. Likita ya ce lallai ta riƙa takawa a tsakar gida safe da yamma, in ba haka ba ƙafar ma za ta sandare. Amma tsakar gidana ba ya rabuwa da mata masu kawo ɗinki, Inna kuwa ta gwammace ta kwanta ta lulluɓa da bargo da a gan ta a haka. In 'yan dubiya suka zo sai ta juya ga bango ta yi kamar barci take. Ina kallonta tana narkewa a kan katifa, ba don ciwon ba, don kunya.

A lokacin na daɗe a kan keken ɗinki. Atamfa, shadda, leshi, babu wanda hannuna bai sani ba, amma yadi mai roba ban taɓa sa masa almakashi ba. Na sa wani mai kawo kaya daga Kano ya samo mini marar nauyi, wanda ba zai dame ta da zafi ba in bazara ta shigo, shuɗi mai duhu irin na rinin da take so. Da farko na ɗauka abin da ake bukata kawai a ƙara girma. Na yanka rigar da faɗi ko'ina, sai ta fito kamar buhu. Wuyan ya zame ta kafaɗar da ta zube, ɗinkin ya yi tudu da kwari, da na ja shi kaɗan zaren ya tsinke. Ban ma nuna mata ba. Na rataye ta a igiyar shanya na zauna ina kallonta, ina tunanin inda na kuskure, har na gane cewa irin wannan yadi daga kafaɗa yake rataye, nauyinsa ne ke ja da shi ƙasa. In kafaɗa ta zauna daidai, sauran zai zuba da kansa. Ashe ba sama ke son ƙari ba, ƙasa ne.

Na samo takardar buhun siminti na shimfiɗa, na zana rigar a kan awonta sak, kafaɗar dama yadda take, ta hagu kuma na ƙara mata gangara yadda jikin ya koma. Sannan na tsattsaga takardar daga ƙasa zuwa dab da hammata, ban raba ta ba, na buɗe tsagogin kamar yatsun hannu, na liƙe su a kan wata takardar. Ta gaban hagu, inda hannun ke kwance, na fi buɗewa, don yadin ya taso daga ƙirji ya sauko a ninke ya wuce ta kan hannun ba tare da ya zana shi ba. Hammatar na zurfafa ta yadda hannun zai shiga ba sai an ɗaga shi ba. Wuyan na bar shi ƙarami, tunda yadin zai miƙe ya bar kai ya wuce. Na yanko siririn gefen atamfa na bi ɗinkin kafaɗa da shi don kada ya saki. Wurin ɗinki kuma sai da na riƙa sa tsohuwar jarida a ƙarƙashin yadin kafin keken ya daina jan sa. Da na gama ban kalmashe ƙasan nan take ba, na bar ta a rataye ta gama saukar da za ta yi. Duk wannan bai zo a yanka ɗaya ba. Yadin da na ɓata ya isa a yi wa yara riguna, kuma akwai masu ɗinkin da suka gaji da jira suka karɓe kayansu suka kai wani wuri.

Ranar da na sa mata, na roƙe ta ta dafa bango ta miƙe don in daidaita ƙasan a jikinta. Na durƙusa da alli ina zagaya ta. Rigar ta sauko daga kafaɗunta har gwiwa, a sake, tana motsi in ta motsa. Wanda bai sani ba zai ce ta dafe ƙirji ne kawai, irin yadda dattijuwa ke yi in za ta amsa gaisuwa. Ta shafa gaban rigar da hannun dama, ta sake shafawa. Ba ta yaba ba, Inna ba ta yabo. Ta dai tambaye ni ko akwai sauran yadin.

Washegari ina fitowa daga madafa na tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki, a kan tabarma, ta ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya. Matan da suka zo awo suka durƙusa suka gaishe ta, ta amsa tana tambayar kowace 'yar gidan wa ce. Daga nan ta fara takawa, daga ɗaki zuwa gindin rijiya, daga rijiya zuwa zaure, da sanda a hannu. Da Yaya Buba ya zo ya same ta a waje tana tsince wake a faranti, sai ya tsaya a bakin zaure ya kasa ƙarasowa. Ta kawar da kai kamar kullum. Shi kuwa ya ja ni gefe ya ce in yi mata irin rigar ko nawa take so, ya kuma sa mini albarka har na ji kunya. Ban sake ganin farin ciki irin na ranar a fuskarsa ba.

Da aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, sai hankalin Inna ya koma gida. Ta fara tambayar ko Sale ya gyara dangar garke, ko an fitar da irin gyaɗa, ko jar saniyar nan ta haihu. Aminiyarta Goggo Mairo, wadda suka yi tallan nono tare tun suna 'yan mata, ta zo dubiya ta kwana biyu, suka yi ta hirar mutanen da ni ban ma san su ba. Bayan tafiyarta, wata rana da la'asar ina kalmasar wata sabuwar rigar, Inna ta kira ni ta ce in zauna.

"Da a ce ban iya fita gaban mutane," ta ce, "da na zauna miki a ɗakin nan har a zo a ɗauke ni. Yanzu kuwa ina da abin sawa. Ki kai ni gidana."

Na kawo mata duk abin da zan iya kawowa. Na tuna mata gwajin jini, na tuna mata abin da likita ya ce, cewa ciwon yana iya dawowa. Na ce mata damina ce, rafin da ke tsakanin ruga da titi in ya cika ko babur ba ya ƙetarewa. Ta bar ni har na gama.

"Ban ce miki ba zan mutu ba. Cewa na yi ki kai ni gida."

Na ce to ta faɗa wa Yaya da bakinta, tunda shi ne babba. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce ita ba ta taɓa roƙon ɗan fari ba, ba kuma yanzu za ta fara ba. Nan ta bar mini kayan a kaina.

Da na gaya wa Yaya Buba, bai yarda daga bakinta maganar ta fito ba. Ya ce mai irin wannan ciwo ba a biye wa maganarsa, ya ce in na gaji ne in faɗa, ya ɗauke ta ya kai ta Gwaram. Ya shiga ya tambaye ta da kansa, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda aka yi daidai ne. Ya fito yana ganin ya kama ni da ƙarya. Na koma wurin likita, ya ce shi ba zai ba da shawarar tafiyar ba, amma ba zai ɗaure ta ba, in dai za ta sha magani a kuma riƙa kawo ta awo. Babanku ya ce shi gidansa gidanta ne har abada, amma uwa in ta nemi abu da hankalinta, a yi tunani kafin a hana ta. Inna kuwa ba ta sake tayar da zancen ba. Ta dai rage cin abinci, ta koma zama tana fuskantar zaure tun safe har magariba. Na yi ta istihara. Daga ƙarshe na kira Yaya a waya na ce masa gobe zan kai ta, don ban so ya ji a bakin wani.

"In kika kai ta," ya ce, "duk abin da ya same ta yana wuyanki."

Na kai ta. Kafin mu gama sauke kaya gidan ya cika da mata. Da yamma shanu suka dawo, ta sa aka kai mata kujera bakin garke, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya, suna ɗago kai. Ina zuwa duk mako a acaɓa da maganinta, kuma kowane zuwa sai in tarar ta ƙara cikowa. Tana zaune a gindin tsamiya tana koya wa matar Sale yadda ake kaɗa nono man ya taru, ana kawo mata jarirai ta sa musu albarka, ana kawo mata ƙarar surukai ta sasanta. Har gidan suna ta je da ƙafarta, Goggo Mairo na riƙe da ita.

Yaya Buba ya je sau ɗaya, da motar haya, don ya dawo da ita. Ina wurin. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi ta magiya, yana lissafa mata hatsarin da take ciki. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta dubi Goggo Mairo ta ce a gaya masa ta gode, Allah ya yi masa albarka. Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma a wurinta magana ce babba. Shi kuwa ya ji kamar kora ce. Ya miƙe ya ce ba zai sake taka gidan ba sai ranar da ta yarda ta shiga mota. Na san dabara ce, yana ganin kewarsa za ta karya ta. Bai daina aiko da magani da kayan masarufi ta hannun Sale ba, amma shi bai koma ba.

Cikin marka ciwon ya dawo, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Sale ya kira ni, na ɗauki mota muka kama hanya. Su kuma suka shimfiɗa ta a amalanken shanu suka nufo titi. A bakin rafi muka haɗu, ni a wannan gaɓa, su a waccan, ruwa ja wur yana gudu da rassan itace a tsakaninmu. Ina hango Goggo Mairo zaune cikin amalanken ta ɗora kan Inna a cinyarta. Muka tsaya jiran ruwa ya janye. Can na ga Goggo ta sunkuya, ta daɗe a haka, sannan ta warware mayafinta ta rufe ta. Sale ya juya akalar shanun suka koma. Sai bayan azahar na samu na ƙetare.

A zaman makoki, gaban mutane, Yaya Buba ya dube ni ya ce ga abin da nake so nan ya faru. Daga bakinsa maganar ta fita, dangi suka ɗauka suka ƙara mata gishiri. Ban rama ba, amma ban kuma neme shi ba. Shekaru suka yi ta wucewa muna gaisawa a wurin biki da jana'iza kamar surukai. Shi ya sa ba ku taɓa yin hutu a Gwaram ba, shi ya sa 'ya'yansa kuke wucewa a kasuwa ba ku san juna ba. Na sha juya abin a raina. Da tana ɗakin gabas a ranar, da kafin a ce me mun isa asibiti. Ko da hakan zai tsawaita kwananta, Allah kaɗai ya sani. Ba zan ce muku na yi daidai ba, ba kuma zan ce na yi kuskure ba. Na san dai abin da na biya, uwa a bakin rafi da ɗan'uwa yana raye.

Da ciwonsa na ajali ya kwantar da shi, matarsa ta aiko mini. Na je Gwaram ranar kasuwa, motar cike da buhuna da awaki. Na same shi ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Muka gaisa. Sai ya ce kowa ya ba mu wuri. Ya tambaye ni yadda Inna ta kasance a watannin nan da bai gani ba. Na ba shi labari tun daga kujerar bakin garke har gidan suna. Idonsa a rufe yake saurare. Da na tsaya ya ce:

"Ta taɓa tambayata?"

Na ce masa sunansa dai ya san ba za ta kama ba. Amma duk sanda aka ji ƙarar mota ko babur daga nesa, sai ta dakata da abin da take yi ta ce a duba wa ya zo. Kuma duk ranar da aka kaɗa nono, sai ta sa a ɗebi man shanu a ƙaramar ƙwarya a rufe, ta ce na mutumin Gwaram ne, ko zai biyo. In ya kwana biyu sai ta ce a ba yara, a ɗebi sabo.

Ya juya fuskarsa ga bango. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na kawar da kai na bar shi.

"Ba nisa, Hajara," ya ce daga baya. "Ko da yamma na tashi, da na je na dawo."

Da zan tafi ya riƙe gefen mayafina ya ce in kawo masa yarana ya gan su, ya ce ko sunayenku bai gama sani ba. Na dawo gida da murna na ce muku ku shirya, ranar Asabar za mu gaishe da Kawu. Kun tuna, har na yi muku sababbin kaya. Ranar Juma'a da safe aka kira ni. Mun je Gwaram ranar Asabar ɗin kamar yadda na yi masa alkawari, kuka zauna a tabarmar ta'aziyya a cikin sababbin kayanku, mutane suna tambaya 'ya'yan wa ne waɗannan.